Yadda Za a Tsare Ruwan Ajiya na Gida Daga Baƙon Sauro

Mu da muka taso a arewacin Kamaru da Chadi, a Garwa da Marwa, ko a Kusiri da Njamena, mun san sauro da lokacinsa. Yakan iso tare da ruwan sama, ya yi ƙamari daga watan Agusta zuwa Oktoba idan kududdufai suka cika, Binuwai da Logon suka tumbatsa, gonakin shinkafa na Yagwa da Maga suka sha ruwa. Idan hunturu ya kama, ƙasa ta bushe, sai ya lafa, mutane da yawa su naɗe gidan sauro su jefa bayan akwati sai wata damina. Wannan sabo ne ya sa idan aka ce makwancin sauro, hankalinmu yake tafiya ga kwata da lambatu da ruwan da ya kwanta a bayan gari, ba ya zuwa kan randar da ke gindin bishiya a tsakar gida. Amma akwai irin sauron da tsabtataccen ruwan randa da na tanki ya fi masa daɗi, kuma rani ba ya korarsa, tunda da rani ne muka fi ajiye ruwa.

Na farko cikinsu shi ne wanda masana ke kira Anofilis sitefensi, mai yaɗa maleriya. Asalinsa daga kudancin Asiya yake, wajen Indiya da Pakistan, da wani yanki na ƙasar Larabawa. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Jibuti a shekarar 2012, daidai lokacin da ƙasar take dab da rabuwa da maleriya, domin a shekarar mutum 27 kacal aka samu da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a jihar Gombe ta Najeriya a 2020, sannan a Kenya da Ghana a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa tun 2019, wani bincike na 2020 kuma ya ƙiyasta cewa idan ya bazu ba a tare shi ba, ƙarin mutum miliyan 126 mazauna biranen Afirka za su iya shiga haɗarin maleriya. A birnin Dire Dawa na Habasha an yi fama da ɓarkewar cutar a 2022 cikin rani, lokacin da ba a saba ganinta ba. Duk wanda ya san yawan motocin kaya da ke tasowa daga Sudan su bi hanyar Adre zuwa Abece a gabashin Chadi, ko masu tasowa daga Gombe su bi ta Yola su shigo Garwa, ya san cewa maganar ba ta yi mana nisa ba.

Na biyu shi ne Edis albopiktus, baƙin sauro mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya fito daga kudu maso gabashin Asiya ya zagaya duniya cikin tsofaffin tayoyin mota da ake fatauci. An tabbatar da shi a kudancin Kamaru a shekarar 2000. A nan arewa ɗan'uwansa Edis ejipti ne ya fi yawa, shi kuwa ɗan gida ne a Afirka, amma halinsu ɗaya: suna yin ƙwai a cikin mazubi, suna cizo da rana, suna kuma ɗaukar zazzaɓin denge da cikungunya da shawara. Mutanen Abece ba sa bukatar a yi musu bayani. A 2020 cikungunya ta kwantar da fiye da mutum 27,000 a gabashin Chadi kafin ƙarshen watan Satumba, mafi yawansu a Abece, sannan a watan Agusta na 2023 hukumomin lafiya na ƙasar suka sanar da ɓarkewar denge a garin.

Abin da ya haɗa waɗannan sauraye shi ne abin da ya ba mu dama a kansu. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a irin zafinmu, kwana 7 zuwa 10 ne. Ke nan gidan da ake duba ruwansa sau ɗaya a kowane mako, ba tare da tsallake ko mako guda ba, da wuya ya ƙyanƙyashe sauro. Saboda haka farkon aikin shi ne tsayar da rana. A zaɓi ranar da mutanen gida suke nan, Juma'a da safe ko Lahadi, a kuma ɗora alhakin a kan mutum ɗaya da aka ambaci sunansa, domin aikin da aka ce na kowa ne yakan kwana ba a yi shi ba. Yaro ɗan shekara 12 zai iya, muddin wani babba ya zagaya da shi sau biyu ko uku ya nuna masa abin da ake nema.

Abin da ake nema ɗin tsutsa ce, siririya, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, mai wutsil-wutsil cikin ruwa. A buɗe murfi a hankali, domin idan inuwa ta gifta ko mazubin ya motsa sai ta nutse ƙasa, mai dubawa ya ɗauka babu komai. A jira kamar minti ɗaya, a haska tocila, ko a kamfato ruwan sama-sama da farin kofi a duba a haske. Kwanciyar tsutsar tana faɗin danginta. Wadda ta miƙe a kwance a saman ruwa kamar tsinke ta Anofilis ce, dangin masu kawo maleriya. Wadda ta rataye kanta yana kallon ƙasa ta Edis ce ko ta sauron kwata. Idan kuwa aka ga wata dunƙulalliya mai kama da waƙafi tana alkafura, to wannan ta gama girma, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta fito da fiffike. Ranar da na fara yin wannan dubawa a gidanmu cikin watan Afirilu ne, rabon da a ga hadari an yi watanni, kuma a durom ɗin da muke sha na sami tsutsar, alhali kullum a rufe nake ganinsa. Ashe murfin ya lanƙwashe ta gefe ɗaya, ratar ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba.

Nan ne shawarar da aka saba ji, wai a zubar da ruwan, take cin karo da halin da muke ciki. Matar da ta sayi jarka a hannun mai kura, ko ta tashi da asuba ta bi layin famfo, ba za ta kwarar da ruwanta a ƙasa ba, kuma bai kamata a nemi ta yi hakan ba. Ruwan da aka ga tsutsa a ciki bai lalace ba, shan sa kuma ba ya kawo maleriya ko denge, domin cizon sauro ne yake yaɗa su. Abin yi shi ne a ɗaura tsabtataccen ƙyalle mai ƙananan ido a bakin wani mazubi da aka wanke, a tace ruwan a ciki, sannan a karkaɗe abin da ya rage a ƙyallen a kan busasshiyar ƙasa inda rana take duka, nan da nan tsutsar za ta mutu. Kada a karkaɗe shi a kwata ko a bakin rijiya, domin wannan sauya mata gida ne kawai. Ruwan da aka tace a fara amfani da shi wajen wanki da wanke-wanke, idan kuma sha za a yi, a tafasa shi saboda sauran ƙazantar da ta shiga ta inda sauron ya shiga.

Bayan an juye ruwa sai wanki, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin rabin aiki. Macen Edis ba ta zuba ƙwanta a kan ruwa, tana manna shi ne a jikin mazubi daga ciki, ɗan sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya. Ƙwan baƙi ne, ƙanana kamar garin gawayi, kuma yana iya zama a bushe har tsawon watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya sake taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Ɗauraya ba ta cire shi. Sai an sa soso ko burushi da sabulu an goge bangon randa da durom da bokiti sosai, musamman wajen wuya da wurin da ruwa ya bar zane. Randar ƙasa ta fi bukatar haƙuri saboda jikinta yana da kaushi, ƙwan yana samun wurin maƙalewa. Wannan hali na ƙwan ne ya sa tsohuwar taya ta iya ɗauko sauro daga wata nahiya zuwa wata, kuma shi ne dalilin da ya sa duk durom ko jarkar da aka saya a kasuwa, ko aka kawo daga wani gari, ya kamata a goge ta kafin a zuba mata ruwa.

Sai rufewa. Faifai ko tire da aka kifa a bakin randa yana hana ƙura, amma sauro yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Rufin da ke aiki shi ne wanda ya matse baki ta kowane gefe. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa ƙyalle ko raga marar magani a bakin mazubin, a ɗaure da robar tsohon tiyub ko igiya, sannan a ɗora murfin a kai. Kada a bar ƙyallen ya lotsa ya taɓa ruwa, domin ruwan da ya taru a samansa ya isa sauro yin ƙwai. Tankin da ke kan soro ko kan ƙarfe shi aka fi mantawa da shi saboda ba a hawa a duba. A tabbata murfinsa yana nan, iska ba ta ɗauke shi ba, a kuma ɗaure raga a bakin bututun da ruwa ke fita idan tankin ya cika da wanda iska ke shiga. Tankin siminti na ƙasa a yi masa murfi mai kyau, a toshe tsagar da ke gefensa da siminti. Irin waɗannan manyan ma'ajiyai na siminti su ne aka fi samun tsutsar sitefensi a cikinsu a gabashin Habasha.

Ƙananan abubuwa ba sa bukatar dogon bayani, ido suke bukata. Gwangwanin tumatir, fasasshiyar buta, murfin kwalba, ledar da ta lotsa, kaskon ruwan kaji, tiren da ke bayan firij, bokitin da ake tara ɗigon na'urar sanyaya ɗaki, indararon da ganye ya toshe, duk a kife, ko a huda, ko a binne, ko a share. Kaskon kaji da kwamin dabbobi a sauya musu ruwa a goge su kowane kwana biyu ko uku. Taya kuwa siffarta ba ta bari ruwa ya fita duk yadda aka juya ta, don haka ko dai a huda ta a wurare da yawa, ko a cika ta da yashi, ko a ajiye ta ƙarƙashin rufi. Waɗanda ake ɗorawa a kan kwano don kada iska ta yaye rufi su ma a huda su.

Akwai ruwan da ba ya juyuwa kuma ba ya rufuwa, kamar babban tafkin siminti na masu buga bulo ko ramin da magina suka tara ruwa a wurin gini. Ga irin wannan akwai magungunan kashe tsutsa, daga ciki har da Bti, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, yana kashe tsutsar sauro ba tare da ya cutar da mutum ko dabba ko kifi ba. A nemi shawarar ma'aikatan lafiya ko na tsabtar gari a kan irin da ya dace da kuma awonsa. Ina roƙon mai karatu da babbar murya kada ya zuba fetur ko kananzir ko baƙin mai a ruwan da mutum ko dabba za su sha, kada kuma ya ɗauko maganin feshin auduga ya ce zai gwada. A yankinmu na noman auduga wannan magani yana kusa da hannu, kuma guba ce mai kisa.

Duk wannan ba ya sauke wajibcin gidan sauro, sai ma ƙara tsawon lokacinsa da ya yi. Wanda ake rabawa mai magani, wanda muke kira MILDA, a rataye shi rani da damina, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, har ga masu kwana a tsakar gida lokacin zafi. Sabo a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a fara kwana a ciki. Idan ya yi datti a wanke da sabulu a ruwa mai sanyi, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe maganin, kuma yawanci ƙarfinsa yana kai wanki 20 ko shekara 3. Huda ko da ƙarama ce a ɗinke ta ranar da aka gan ta. Wanda ya tsufa a yanka shi a rufe taga da shi, kada a kai shi kamun kifi a Logon ko Lagdo. An lura cewa sitefensi yana yawan cizon dabbobi, yana kuma fakewa a rumfunansu, saboda haka mai turke ko garke a cikin gida ya nisanta shi da ɗakin kwana gwargwadon yadda fili ya ba shi dama.

Edis kuwa ba ya jiran dare. Ya fi cizo da sassafe da kuma daga la'asar zuwa magariba, yakan kuma nufi ƙafa da idon sawu. Jariri mai barcin rana da tsoho da marar lafiya a sa su cikin gidan sauro ko da tsakar rana ne. Yara masu zaman karatun allo da yamma a sa musu doguwar riga da wando. Mai zazzaɓi musamman a killace shi cikin gidan sauro a makon farko, domin sauron da ya cije shi ne zai kai cutar ga sauran mutanen gida.

Zazzaɓi shi ne wurin da sabonmu ya fi yi mana illa. Mun saba duk zafin jiki mu ce palu ne, wato maleriya, mu aika yaro ya sayo magani a bakin hanya. Yanzu da denge da cikungunya suke kusa, zato ba ya wadatarwa. A je asibiti cikin awa 24 a yi gwajin jini na ɗan yatsa, wanda sakamakonsa ke fita cikin kamar minti 15 zuwa 20. Idan maleriya ce a shanye maganin har ƙarshe ko da an ji sauƙi. Idan gwaji ya nuna babu, ga kuma ciwon kai mai tsanani da ciwo a bayan ido da ƙuraje, ko gaɓoɓi sun riƙe har mutum ya kasa miƙewa, a faɗa wa likita dalla-dalla, a kuma ambaci garin da aka je idan an yi tafiya. Kafin a tantance, parasitamol kaɗai za a sha tare da ruwa mai yawa. Asfirin da ibuprofen suna iya jawo zubar jini ga mai denge. Haɗarin denge ya fi yawa a kwana ɗaya ko biyu bayan zafin jiki ya sauka, daidai lokacin da dangi suke cewa an samu lafiya. Idan a wannan lokaci aka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini daga hanci ko dasashi, ko kasala mai yawa, a koma asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

Rigakafin da yake hannu kada a bar shi ya wuce. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta, tana kuma kare mutum tsawon rayuwarsa. Kamaru ta sa allurar rigakafin maleriya cikin jerin alluran yara tun ranar 22 ga Janairu, 2024, ana yin ta sau 4, don haka uwa ta tambaya ko ana bayarwa a asibitin da take kai ɗanta. Maganin kariya daga maleriya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, na ranar farko ne kawai ake sha a gaban ma'aikaci, na kwana biyun da suka biyo baya yana hannun uwa, kuma sai an cika su kariyar take tsayawa. Mai juna biyu ta riƙa zuwa awo domin ta karɓi nata.

Edis ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, yawanci 'yan ɗaruruwan mitoci ne iyakarsa. Wannan yana nufin sauron da ya ciji ɗanka, idan ba daga gidanka ya fito ba, to daga gidan maƙwabci ne ko daga wani wuri a layinku da ba shi da mai kula. Irin waɗannan wurare sanannu ne: tankin alwala na masallaci, randar sadaka da ake ajiyewa a ƙofar gida domin masu wucewa, ruwan da mai faci yake gwada tiyub a ciki, tarin tayoyi a tasha da gareji, kangon da mai shi ya fara gini ya tafi ya bari. Gyaransu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma shiga gidan wani a ce masa ruwansa yana da tsutsa abu ne mai nauyi. Shi ya sa ya fi kyau maganar ta fito daga bakin jauro ko lawan ko bulama, liman ya maimaita ta bayan salla, a tsayar da rana ɗaya ga layi gaba ɗaya. Cikin gida kuwa mata ne za su shiga wa mata, tunda su ne masu randa, su suka san inda kowane mazubi yake.

Idan a cikin wannan zagaye aka sami tsutsa mai kwanciya a miƙe a cikin tanki ko durom, musamman da rani a tsakiyar gari, wannan labari ne da ya kamata ya wuce unguwa. Ido ba ya iya rarrabe sitefensi da sauran danginsa, sai a ɗakin bincike. A kamfaci tsutsar da ɗan ruwanta a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta rana da unguwa da irin mazubin da aka same ta a ciki, a kai wa shugaban asibitin unguwa a ranar, a roƙe shi ya isar da ita ga jami'an shirin yaƙi da maleriya na yanki. A Garwa akwai reshen cibiyar Pasteur ta Kamaru, a Yawunde kuma akwai masana ƙwari da wannan ne aikinsu. Haka nan idan aka ga mutane da dama a layi ɗaya sun kwanta da zazzaɓi a watan Maris ko Afirilu, a sanar da asibiti, a faɗi adadin gidajen da ranar da na farko ya kwanta.